Littafin mintuna: daga Tolget zuwa Kara

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau Madam, shugabar ɗakinmu na sa ido kan zirga-zirgar motoci ta kyamara a Legas, ta ɗora mini aikin da kowa ke zillewa. Tun makon jiya da aka rufe gadar Independence domin gyara, mutanen Victoria Island suka raba dare a cikin mota ranar Laraba, na sama suka taso mu da tambaya: idan hanya ta toshe, minti nawa ne kafin ku gani, minti nawa kafin ta buɗe? Gadar ba a yankinmu take ba, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Aka rasa mai amsa. Muna da littafin miƙa aiki, sai dai abin da ke cikinsa bai wuce "tirela ta mutu, an janye" ba. Ƙarfe nawa ta mutu? Oho.

Yankin da nake kallo shi ne bakin hanyar Legas zuwa Ibadan: daga tsohon Tolget, wato shingen karɓar kuɗin hanya, wanda aka rushe tun ƙarshen 2003 amma sunan ya ƙi mutuwa, zuwa gadar Otedola, zuwa Berger, a haye kogin Ogun a faɗa Kara, kasuwar dabbobi. Hanyar tana da tsawon kilomita 127 da ɗoriya, an buɗe ta a 1978, kuma duk abin da Arewa ke aiko wa Ikko, daga shanu har tumatir da albasa, yawancinsa ta wannan maƙogwaro yake shigowa. Ni kuwa a Agege aka haife ni, mahaifina ya shekara talatin yana jan tirela daga Funtuwa zuwa kasuwar Mile 12. Hanyar da ya bi da sitiyari ita nake bi da ido.

Aikin shi ne kowane abu ya faru in rubuta lokuta huɗu: lokacin da ya faru, lokacin da muka gani, lokacin da agaji ya isa, lokacin da hanya ta koma daidai. Na buɗe tebur a Excel. An ba ni zuwa bayan Babbar Sallah in kawo rahoto, don a makon raguna ne Kara ke nuna halinta.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Kwana uku na ɓata a banza. Agogon bango, agogon kyamara da agogon wayata kowanne da nasa lokacin, tsakanin na farko da na biyu har minti huɗu. Mai ƙirga mintuna da agogo uku ai wasa yake yi. Mun tsayar da magana: agogon da ke kusurwar hoton kyamara shi ne alƙali.

Abokan aiki kuma sun fara yi mini kallon ɗan leƙen asiri. Wanda muke zama tebur ɗaya da shi ya ce, "Wato yanzu in na tashi fitsari ma sai ka rubuta?" Na ce masa ba suna a teburin, lambar kyamara ce kawai. Bai yarda ba, amma ya yi dariya.

Asabar, 19 ga Afrilu

Jiya Juma'ar Ista, gari ya kwashe zuwa ƙauye. Wajen ƙarfe huɗu layin masu fita ya tsaya cak tun daga Otedola. Na kama sandar juya kyamara ina bin layin gaba-gaba, ina neman abin da ya tare hanya. Kyamara ta biyar ba komai, ta shida ba komai, ta bakwai motoci na gudu abinsu. Minti ashirin ina laluben gawar da babu ita.

Da na mayar da hoton baya sai na ga asalin abin. Wata danfo ce, ƙaramar bas ɗin haya, ta ja birki ta sauke fasinja ɗaya a bakin kwalta, ko daƙiƙa goma sha biyar ba ta yi ba ta wuce. Na bayanta ya taka birki, na bayansa ya taka fiye da shi, a haka har abin ya zama tsayuwa, tsayuwar kuma ta riƙa tafiya baya kamar wutar daji alhali danfon ta kai Ibafo. A kwas an taɓa nuna mana gwajin da wasu masana suka yi a Japan, aka wallafa a 2008: motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Ba shinge, ba danja, ba ɗan sanda, amma ba a jima ba gosulo ya haifi kansa, yana ja da baya da gudun kusan kilomita 20 a awa. Lokacin na ɗauka abin Japanawa ne. Jiya na gan shi da lambar Legas.

Matsalata ita ce a wane gida zan saka wannan a tebur, tunda ba wanda za a kira, ba abin da za a janye. Na buɗe masa shafi dabam na sa masa suna "gosulon aljanu". Madam ta ce in canza sunan kafin rahoto ya hau sama.

Laraba, 30 ga Afrilu

Wannan laifina ne, kuma zan rubuta shi yadda yake.

Aikin dare nake, daga bakwai zuwa bakwai. Wanda bai taɓa zama a ɗakin nan ba yana zaton hutu muke, ga iyakwandishan, ga kujera mai juyawa. Sanyin saboda na'urori ne, ba don mu ba, shi ya sa za ka ga mutum da rigar sanyi a tsakiyar Ikko. Allo goma sha shida ne a gabana, da dare kuma duk kamanninsu ɗaya: baƙi, sai ɗigon fitilu fari na tahowa, ja na tafiya. Ƙarfe uku da kwata aka kira a oba-oba cewa wata bas ta mutu a kan gadar Kara, a hannun tsakiya, ba fitila ko ɗaya a jikinta. Na ɗaga kai, ga ta nan ɓaro-ɓaro a allo na tara. Na mayar da hoto baya. Minti goma sha huɗu ta yi a wurin, idona biyu, ina kallon bangon, ban gan ta ba. A cikin mintunan nan tireloli biyu sun kauce mata da ƙyar, fasinjoji na tsaye a bayanta suna kaɗa fitilar waya.

Hannuna ya tsaya a kan madannai. Ba wanda zai bincika in na rubuta minti uku. Na rubuta 14.

Abin da ya same ni an daɗe da saninsa. A 1948 wani Bature mai suna Norman Mackworth ya wallafa binciken da ya yi saboda masu kallon na'urar hango jirage na sojan saman Ingila, waɗanda abu ke wuce su a allo suna zaune. Ya sa mutane su yi awa biyu suna kallon hannun agogo, su danna in ya yi tsalle biyu a maimakon ɗaya, sai ya ga bayan rabin awa na farko kamun nasu ya fara zubewa. Mu kuwa awa goma sha biyu muke yi. Da safe na kai wa Madam shawarar mu riƙa musayar allo duk rabin awa, kuma duk minti goma mutum ya bi kyamarorinsa ɗaya bayan ɗaya yana kiran lambarsu a baki, ko da ba komai. Ta amince a gwada a aikin dare.

Talata, 6 ga Mayu

Yau na gane inda mintunanmu ke zurarewa, kuma ba inda nake zato ba ne.

Ƙarfe shida da minti hamsin na safe wata tirela shaƙe da albasa ta tsaya a hannun dama, ana gab da Berger, a ɓangaren masu shigowa gari. A cikin minti biyu na gan ta, na kira, na rubuta, ina jin daɗin kaina. Janwe ya isa bakwai da rabi. Ya ɗaura, ya ja, ko gezau. Ƙaramin janwe ne, na motocin gida da bas. Aka ce a nemo babba, shi kuma yana can wani aiki.

Ga lissafin da ke sa cikina ya ɗuri ruwa a irin wannan lokaci. Hannu ɗaya na babbar hanya yana iya wuce da ƙananan motoci wajen 1,900 a awa, hannu uku kenan 5,700. Mutum zai zaci in an toshe ɗaya, kashi biyu cikin uku ya rage. Ina! Abin da ke ragewa bai fi rabi ba, saboda kutse da rige-rigen shiga gaba, ga masu rage gudu don kallo. A ce motoci 4,500 ke tahowa a awa, 2,850 ke samun wucewa, saura 1,650 na taruwa. Ba kowace mota mita bakwai, ka raba hannu uku, layi ya kusa kilomita huɗu a awa guda. Na ga haka da idona: kafin takwas jelar gosulon ta hau Doguwar Gada, can gaba da Kara.

Na matso da kyamara. Direban dattijo ne, da hula zanna da carbi a wuya, yana ta nuna ƙarƙashin motar da hannu, jami'in da ke wurin yana nuna masa janwe. Kowa na magana, ba mai jin wani. Karen motar ya riga ya karyo ganye ya jera a baya. Na roƙi jami'in a oba-oba ya ba ni lambarsa, na kira, na ce ya miƙa wa direban.

"Salamu alaikum, Baba. Sannu da hanya. Me ya same ta?"

Ya yi shiru kaɗan, yana waige-waige, ina kallonsa a allo. "Wa alaikumus salam. Kai kuma daga ina?"

"Daga ofis, Baba. Ina ganinka. Ɗaga kai ka dubi dogon ƙarfen nan na hagunka."

Ya ɗaga, har da gyara hula. "Ikon Allah. To ɗana, tun ɗazu nake gaya musu, ba inji ba ne. Tiyon iska ne ya fashe, birki ya kame. Ko janwe goma suka kawo ba za ta motsa ba, sai dai su ja ta tana gurzar kwalta. A samo mini tiyo da bakanike, yanzu na ba ku hanya."

Gaskiyarsa. Birkin manyan motoci da iska yake aiki, kuma an yi shi ne yadda in iska ta zube, wani ƙaƙƙarfan sifirin zai danne tayoyin baya, don kada mota ta gangara ba birki. Sai an mayar da iska, ko an ɗaure sifirin ɗin da kusoshinsa, sannan ta saki. Tun ina yaro na san wannan a bakin mahaifina, amma daga allo ba abin da ke nuna maka. Karen motar ya ruga gareji ya taho da bakanike, da tiyo a kafaɗa. Minti ashirin da biyar motar ta tashi. Jimilla awa biyu da minti goma, wanda fiye da awa ɗaya da rabi a ciki an kashe shi ne wajen kawo maganin ciwon da ba shi ke damunta ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na koma na bi duk abin da na rubuta tun 7 ga Afrilu. Tsakanin faruwa da gani, in ka cire daren bas ɗin nan, ba mu da laifi sosai. Ramin yana tsakanin isowar agaji na farko da isowar agajin da ya dace. Don haka teburin ya ƙaru da gida biyu: me ya lalace, da nauyin me ke kanta. Kafin a tura kowa, sai an yi wa direba tambaya uku: injin na tashi? Akwai iska? Me ka ɗauko?

Da yake direbobin manyan motoci da yawa a wannan hanya Hausa ce a bakinsu, ni kuma ba kullum nake bakin aiki ba, na rubuta tambayoyin a takarda na manna a kowane tebur, da amsoshin da za a iya ji: taya, kuloci, giya, lagireto, mai ya ƙare. Abokin zamana ya kwana yana haddar "Akwai iska?" Da ya gwada a kan wani direba, sai direban ya ce masa, "Kai ne dai ɗan iska." Mun gyara, yanzu "Tankin birki akwai iska?" ake cewa.

Na ba Baba, mahaifina, labari ranar Lahadi. Ya ce su a zamaninsu in mota ta mutu a Kara sai ka aika yaro Agege da ƙafa, kuma ba wanda ke kallonka daga sama sai Allah. Sannan ya ƙara mini tambaya ta huɗu da ban yi tunaninta ba: a tambayi direba ko mai motar ya sani. Ya ce direba da yawa na ƙin a taɓa mota ne don tsoron kuɗin janwe zai hau kansa, sai ya yi ta jan lokaci da "yanzu za ta tashi" har maigidansa ya ɗaga waya.

Sauran labarin makon ba daɗi. Wani mai haƙa kwalbati ya datse mana wayar fayiba, kyamara huɗu suka makance kwana biyu, muka koma dogaro da jan layin Google Maps da kiran waya. Ruwan sama kuma ya fara da gaske, ɗigo ɗaya a gilashin kyamara ya isa ya mai da fitilun dare su zama kunu. Sai kuma wani da ya ɗauki hoton wani haɗari daga allo da wayarsa, ya tura wa abokai a WhatsApp, kafin la'asar abin ya zaga gari da fuskar wanda ya ji rauni a ciki. Madam ta tara mu ta karanto mana dokar kare bayanan mutane ta 2023, yanzu waya a loka take kwana, sai ta ofis kaɗai a tebur. Ni abin da ya fi ci mini rai, wataƙila iyalan mutumin a nan suka fara gani.

Laraba, 28 ga Mayu

Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, yau 1 ga Zulhajji, Sallah ta kama Juma'a 6 ga Yuni. Juma'ar farko ce ta wata, ranar da masu zuwa babban taron coci na wata-wata ke cika wannan hanya su ma. Allah ya kawo sauƙi.

Na nemi izini na tafi Kara da ƙafata. Wata bakwai ina kallon wurin nan, ban taɓa jin warinsa a bakin aiki ba. Abu na farko da na gano: akwai wajen taku ɗari a gangaren shiga kasuwa da ba kyamarar da ke gani, wani allon talla ya tare. A daidai nan ne tireloli ke tsayawa su sauke raguna in cikin kasuwa ya cika, masu saye su faka a bayansu, masu ɗaukar kaya su tsallaka titi da rago a kafaɗa. Ashe shi ya sa nake ganin jelar gosulo kullum ban ga kansa ba.

Wurin kuma gaɓa ce. Hanyar ta Tarayya ce, jami'an hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ke kanta. Daga Berger zuwa cikin gari akwai LASTMA, masu kula da zirga-zirga na jihar Legas, da ka haye kogi ka shiga jihar Ogun, su kuma nasu TRACE ce. Kowa da oba-obarsa, don haka na karɓi lambar wayar wanda ke tsaye a kowane ɓangare, na rubuta a bango.

Na gaida ɗaya daga cikin shugabannin kasuwar a rumfarsa, na tsuguna na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaro, ɗan wa kake a Agege?" Da na faɗa, ya ce ya san Baba, ya taɓa ɗauko masa shanu daga Maigatari. Daga nan magana ta yi sauƙi. Na roƙi a daina sauke kaya a bakin kwalta daga shida zuwa goma na safe. Ya ce, "Dabbar da ta kwana biyu a mota ba ta san ƙarfe goma ba. In na bar su a rana suka mutu, ofishinku zai biya?" Ban da amsa. Muka rabu a kan zai sa yara biyu da tuta a bakin gangaren, ya kuma ba ni lambar wanda zan kira in na ga layi ya fara.

Talata, 3 ga Yuni

Ƙarfe biyar da minti goma na yamma tankar mai ta tsaya a hawan Otedola, ɓangaren masu fita. Duk ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ke aiki a nan da bai san 28 ga Yuni, 2018 ba, ranar da tankar fetur ta kama wuta a wannan wuri, motoci fiye da hamsin suka ƙone, mutane suka rasu.

Na matso da hoto har ina ganin tayar baya. Tana motsi. Kaɗan-kaɗan, baya-baya, kamar mai jan numfashi. A bayanta wata ƙaramar mota ce ja, da yara biyu a kujerar baya sanye da kayan makaranta, bayansu kuma layi ya riga ya ɗinke, ba wurin ja da baya. Karen motar ya diro da waigi a hannu, katako ne da bai fi tsawon damtse ba, ya cusa a ƙarƙashin taya. Ta hau shi, ta tsaya. Ya sake rugawa ya kawo dutse ya ƙara a ɗaya gefen.

Madam na kan layin 'yan kwana-kwana, abokin zamana na neman a tsayar da motoci tun daga Tolget, ni ina kan waya da direban. Injin na tashi? A'a. Akwai iska? Tana sauka. Me ka ɗauko? Fetur, cike. Mai mota ya sani? Ya ce, "Rabu da mai mota, Malam, ku kawo babba." Babban janwe aka tura tun kiran farko. Minti hamsin da biyu hanya ta buɗe. Sai da na tashi zan yi sallar Magariba na ji ƙafafuna na rawa.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ranar Arfa, da azumi a bakina, Kara ta cika ta batse. Sau shida na kira mutumin da aka ba ni lambarsa, sau huɗu ya ɗaga. Yaran tuta sun yi aiki har azahar, daga nan ban sake ganinsu ba, ina jin ciniki ya ja su. Wajen uku wani rago ya tsinke igiya ya hau gada, mutum biyar na bin sa, motoci suka tsaya ana ta dariya da ɗaukar hoto. Minti tara. Na rasa abin da zan rubuta a gidan "me ya lalace", na sa "igiya".

Laraba, 11 ga Yuni

Na miƙa rahoto, shafi shida. Abin da na nema uku ne: a bar musayar allo ta zauna har da rana, a sa tambayoyin nan huɗu cikin ƙa'idar aiki, a matsar da kyamara ta goma sha ɗaya gaba da allon tallan nan ko a ƙara wata. Na farko da na biyu Madam ta sa hannu nan take, tunda ba sa cin ko kwabo. Na uku an ce sai kasafin baɗi.

Ta tsaya a kan layin 30 ga Afrilu ta ce, "Wannan 14 ɗin, ka tabbata kana so ya hau sama haka?" Na ce a bar shi. "Gosulon aljanu" dai ta goge da hannunta ta sa "cunkoso marar sanadi a fili".

An ce in ci gaba da teburin har ƙarshen Yuli, a ga abin da ruwa zai yi. Na ƙara gida na bakwai, na yanayin sama. Gobe ina aikin dare, kuma har yanzu ba a goge gilashin kyamara ta tara ba.